Hanya ma tana da nata karatu: yadda na ci jarrabawar tuƙi a Maraɗi

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na gundumar Agye. Karatuna bai wuce firamare ba. Aji 6 na yi a lakwal, na komo gona. Yau ba zancen taki ko na iri zan yi maku ba. Zancen hanya ne, da yadda na yi jarrabawar tuƙin mota a Maraɗi cikin shekarar 2018.

Kowa ya san babbar kwalta mai lamba 1. Ta taso daga Yamai, ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri, ta biyo ta Maraɗi, Cadawa, Agye da Gazawa, ta wuce Tasawa da Damagaram har Difa. Bisa gare ta ake kai gero da wake da gyaɗa da aya kasuwa. Bisa gare ta kuma muke asarar mutane da dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, cikin rahotonta na 2023, kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara cikin haɗarin hanya a duniya.

Abin da na koyo wurin jarrabawar nan shi ne, hanya takarda ce rubutacciya. Tana da baƙaƙenta, tana da ƙa'idodinta. Wanda ya iya karanta ta yana iya tsare ransa da na jama'a, ko da mota yake, ko da amalanke, ko a ƙasa.

Abin da ya sa na nemi permi

Ƙauyenmu yana arewa da Agye, nesa da kwalta, hanyar duk rairayi ce. Mota ɗaya ce tak a garin, tsohuwar akori-kura ta wani alhaji mai sayen aya. Cikin damanar 2017, wata rana da tsakar dare, naƙuda ta tsananta ma matar wana. Ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a kai ta asibiti. Munka ruga gidan alhaji. Ya fito da makulli a hannu, ya ce: "Ga mota, ga mai a ciki, amma direba ya tafi garinsu biki." Maza sun fi 20 a ƙofar gidan, babu ko ɗaya da ya iya tada ta.

Munka ɗaura ma shanu amalanke. Sai da gari ya waye munka isa Agye. Ma'aikatan lafiya sun yi iyakar ƙoƙarinsu, uwa ta tashi, amma jinjirin bai zo da rai ba. Rai na Allah ne. Amma mota a tsaye da makullinta, abin ya tsaya mani a rai. Da kaka ta yi, na sayar da ragona da buhun aya 2, na ce sai na koyi tuƙi.

Ba ni kaɗai na tafi ba. Akwai taubashina, ɗan kawuna, wanda ya shekara 9 yana yaron mota tsakanin Gazawa da Maraɗi. Ya iya tuƙi sarai, yana kwance inji ya ɗaura, amma ba ya da takarda, bai kuma taɓa zama aji ba. Ya ce mani: "Malam, kai ka riƙe alli, ka bar ma maza sitiyari. Ni jarrabawar nan ko ido rufe sai in ci ta." Na ce mashi: "Taubashi, ba a fafe gora ranar tafiya."

Takardu da makaranta

Permi ita ce takardar da hukuma ke ba mutum izinin tuƙi. Iri-iri ce. Mai harafin A ta babur ce. Mai B ta ƙananan motoci ce, waɗanda nauyinsu da kayansu bai wuce kilo 3.500 ba, kuma mazauninsu bai wuce 9 ba har da na direba. Mai C ta manyan motocin kaya ce, mai D ta motocin ɗaukar fasinja masu yawa, mai E ta masu jan tirela. Mu B munka nema. Sai mutum ya cika shekara 18 ake ba shi ita.

An nemi mu kawo takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, da hotuna, da takardar likita mai shaida cewa idanunmu da jikinmu lafiya lau. Nan taubashina ya fara cin karo, don ba a yi mashi takardar haihuwa ba tun yana jinjiri. Sai da ya bi ta wajen alƙali da shaidu kafin ya samu madadinta, sati 3 sunka wuce. Iyaye, ku yi ma ƴaƴanku takardar haihuwa tun ana cikin hidimar suna. Wata rana za ta yi masu amfani.

Munka yi rajista a wata makarantar koyon tuƙi a Maraɗi. Mun kai mu 15 a ajin. Akwai wani saurayi Bafillace daga wajen Gidan Rumji, akwai wata ma'aikaciyar lafiya daga Gazawa, akwai ƴan kabu-kabu da ƴan kasuwa. Malaminmu dattijo ne, tsohon direban babbar mota. Littafin da Faransanci yake, amma shi da Hausa yake yi mana bayani.

Baƙaƙen hanya

Ranar farko ya rataye wani babban allo mai cike da hotuna. Ya ce: "Wanga shi ake ce ma kwad, wato dokar hanya. Kafin ku taɓa sitiyari sai kun san shi." Da na dubi allon sai na ga ai aikina ne. Kamar yadda nake koya ma mutane baƙi da wasali, haka alamomin nan suke. In ka san siffa da launi, ka san rabin karatun.

Alama mai kusurwa 3 da jan baki, gargaɗi ce: akwai haɗari a gaba. In ka ga hoton saniya a ciki, dabbobi na ƙetare hanya a wurin. In ka ga yara, akwai makaranta. Alama mai da'ira da jan baki, hani ce. In an rubuta 50 a ciki, kada gudunka ya wuce kilomita 50 a awa. Da'ira ja wur mai farin layi a kwance, ba a shiga hanyar nan daga wannan gefe. Da'ira mai launin shuɗi, umurni ce: nan za ka bi. Mai kusurwa 8 ja, wadda anka rubuta STOP, tsayawa ce cak, ko da ba ka ga kowa ba. Mai kusurwa 3 da anka kife, kanta a ƙasa, tana cewa ka ba na babbar hanya wuri su wuce.

Bisa kwaltar kanta ma akwai rubutu. Farin layi a tsakiya wanda bai yanke ba, ba a ƙetare shi don a wuce wata mota. Wanda ke yankewa, ana iya ƙetarewa in gaba ba kowa. A mahaɗar hanyoyi inda babu wata alama, wanda ya fito daga hannun damanka shi ke fara wucewa.

Malam ya gaya mana ba a Nijar kaɗai ake amfani da alamomin nan ba. A shekarar 1968 ƙasashe da yawa sun taru a birnin Biyana na Turai, sunka daidaita a kansu, don direba ya gane hanya ko bai ji harshen ƙasar ba. Ya kuma ba mu labarin da ya ji wurin ubansa. A da, mu nan hannun dama muke bi, Najeriya kuma hannun hagu, irin na Ingila. Direban da ya taso daga Maraɗi za shi Katsina, in ya wuce Ɗan Isa ya kai iyaka, sai ya sake hannu. Sai a 1972 Najeriya ta komo hannun dama.

Kowane dare nakan zana alamomin cikin littafina, in rubuta ma'anarsu da Hausa a ƙasa. Saurayin nan na Gidan Rumji ya yi karatun yaƙi da jahilci shekara 2 a garinsu. Ya ari littafina ya kwafe shi duka da hannunsa. Taubashina kuwa sai ya tafi hira tasha. Ya ce shi hanya a kansa take.

Bayan sitiyari

Bayan sati 2 anka fara sa mu mota. Da farko a fili, nesa da mutane. Ƙafar hagu ta kuloc ce, ta dama ta birki da totur. Wuyar abin ita ce sakin kuloc a hankali, kamar yadda ake sassauta ma maraƙi igiya. Nan kam taubashina ya yi mani rana, ba ni mantawa. Shi ya nuna mani yadda ake sauraren kukan inji a san lokacin sake giya, da yadda ake tashi a kan hawa da birkin hannu.

Wata safiya malam ya fitar da mu hanyar Tibiri. Ina bisa sitiyari, sai ga garken shanu a bakin hanya, wani ƙaramin yaro na biye da su. Malam ya ce in rage gudu tun daga nesa. Da munka wuce ya sa na tsaya a gefe, ya yi mana lissafi a ƙasa da tsinke.

Ya ce motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin sakan ɗaya. Wannan ya kai taki 30 na babban mutum. Sakan ɗaya kuwa gwargwadon ka ce salamu alaikum ne. Tsakanin idon direba ya ga saniya da ƙafarsa ta taka birki, kusan sakan ɗaya ke wucewa. Wato mota ta ci taki 30 tun birki bai fara aiki ba. Bayan haka, in gudu ya ninka sau 2, nisan da mota ke ja da birki kafin ta tsaya yana ninkawa sau 4. In da ruwa ko rairayi bisa kwalta, ko kaya sun yi yawa, abin ya fi haka.

Saurayin nan Bafillace ya yi shiru, sannan ya ce: "Baba, ashe da muke cewa direbobi mugunta ce ke sa su banke mana shanu, wani lokaci motar ce ba ta iya tsayawa." Malam ya ce: "Haka ne, ɗana. Amma wa ya sa shi gudun? Alamar saniya ba don ado anka kafa ta ba."

Mai sayar da takarda

Ana saura kwana kaɗan jarrabawa, wani mutum ya tare mu wurin mai shayi. Ba mu san shi ba, ba mu san inda yake aiki ba. Ya ce in munka ba shi kuɗi zai kawo mana permi har gida, ba kwad, ba tuƙi. Taubashina ya fara sauraro. Na ja shi gefe na ce: "Taubashi, takardar saye ba ta taka birki. In ta jabu ce, jandarmomi su kama ka, ga asarar kuɗi ga ɗauri. In ma ba a kama ka ba, ran da ka kashe ɗan wani me za ka gaya ma Allah?" Ya yi tsaki, amma ya bar kuɗinsa cikin aljihu.

Da munka gaya ma malam, sai ya ce ya san mutum 2 da sunka ba irin waɗannan mutane kuɗi, har yau ba takarda ba kuɗi. Ƴan uwa, duk kuɗin da za ku biya, ku biya a ofis, a ba ku rasit, ku karanta abin da anka rubuta a ciki.

Ranar jarrabawa

Ma'aikatan hukumar sufuri ta jihar Maraɗi ne ke yin jarrabawar. Tun da asuba munka hallara. Mutane sun cika wurin, kowa ya yi tsuru-tsuru. Wani ɗan kasuwa mai babbar riga sai zufa yake, ga shi kuwa lokacin sanyi ne.

Kwad anka fara. A nuna maka hoto, a tambaye ka. An nuna mani da'ira mai jan baki da motoci 2 a jere, ɗaya ja ɗaya baƙa. Na ce an hana wuce wata mota. An tambaye ni abin da zan yi in na ji jiniyar motar asibiti a bayana. Na ce in raɓe dama in ba ta hanya. Haka har anka gama, na samu.

Da anka zo kan taubashina, anka nuna mashi mahaɗa ba alama: babbar motar kaya daga hagu, babur daga damanta. Anka ce wa zai fara wucewa? Ya ce: "Ranka shi daɗe, ai babbar mota. Wa zai ja da tirela?" Anka nuna mashi mai kusurwa 3 da anka kife, ya ce iska ce ta juya ta. Ya faɗi. Shekara 9 yana wuce alamomin nan safe da yamma, bai taɓa sanin magana suke yi mashi ba. Abin da ya koya a tasha shi ne mai ƙarfi ke da hanya. Doka kuwa ba ta san mai ƙarfi ba.

Sai anka zo kashi na 2, wanda direbobi ke ce ma kireno. An kafa sanduna, ka shigar da mota da baya tsakaninsu ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba. Gabana na faɗuwa, ƙafata ta hagu na rawa. Na yi bisimilla, na dubi madubi, na tafi sannu-sannu. Mota ta shiga.

Kashi na 3 shi ne tuƙi cikin gari. Mai jarrabawa ya zauna gefena da takarda a hannu, ba fara'a ba fushi. Na gyara kujera da madubi, na ɗaura bel, na ba da sigina, munka tashi. Garin Maraɗi kuwa kun san shi: babura, masu tura ruwa, jakai, yara. Can sai ya ce: "Shiga dama nan." Na ɗaga ido, sai ga jar da'ira mai farin layi a bakin hanyar. Na ce: "Ranka shi daɗe, nan ba a shiga." Na wuce zuwa ta gaba. Bai ce mani kome ba, ya yi rubutu. Da munka komo ya ce: "Aikin me kake yi?" Na gaya mashi. Ya ce: "To malam, ka ci. Ka koya ma ɗalibanka abin da ka karanta a bakin hanyar can." Ashe gwada ni yake.

Cikinmu, ma'aikaciyar lafiyar nan ta Gazawa ta ci, saurayin Gidan Rumji ma ya ci. Waɗanda sunka faɗi, yawancinsu a kwad sunka faɗi, kuma da yawa cikinsu sun fi mu iya murɗa sitiyari.

Taubashi bisa tabarma

A mota muna komowa, taubashina bai ce uffan ba har Cadawa. Ban yi mashi wasa ba ranar nan, ko da yake hakkina ne. Bayan kwana 3, da magariba, ina cikin rumfar karatu sai ga shi ya shigo. Ya zauna can baya bisa tabarma. Ya ce: "Malam, a ba ni allo."

Wata 4 ya yi yana zuwa. Ya fara da lambobi, don su ne ya fi buƙata: 30, 50, 90. Ya koyi baƙaƙe, ya karanta littafin alamomina da kansa. Ya koma Maraɗi ya ci jarrabawa. Yanzu direba ne mai takarda, yana karanta sunayen garuruwa da rasit ɗin kaya, ba mai cutarsa wurin lissafi. Har yau yakan ce ya fi ni tuƙi. Gaskiyarsa ce. Ni kuma in ce mashi iska ba ta sake juya alama ba?

Ni ban zama direban haya ba, ina nan ga allona da gonata. Amma alhaji ya san inda nake kwana. Tun daga 2018 na kai masu naƙuda, da yaran da zazzaɓi ya kayar, da wani da maciji ya sara, zuwa asibiti cikin dare. Mun kuma sa samari 2 na garin sun koyi tuƙi, don kada abin ya tsaya ga mutum ɗaya.

Abin da ya shafi kowa

Ba kowa zai nemi permi ba, amma kowa na taka hanya. Ga abin da nake koya ma ɗalibaina, ku ma ku riƙe.

Mai tafiya a ƙasa bakin kwalta, ya bi gefen hagu, yana fuskantar motocin da ke zuwa, don ya gan su. Da dare ya sa farin tufa ko ya riƙe fitila.

Mai amalanke, ya bi dama sosai. In dare zai yi mashi, ya rataya fitila ko abu mai ƙyalli a baya. Direba ba ya ganin amalanke cikin duhu sai ya zo dab da ita. Kada a bar yaro ƙarami shi kaɗai da amalanke bisa kwalta, kada kuma a yi barci a bar ma shanu hanya.

Makiyayi, kada ya ƙetare da garke a kan kwana ko bayan tudu. Ya nemi wuri miƙaƙƙe inda ake hangen nesa. Babba ya tsaya gaba, wani a baya, a haɗa dabbobi su ƙetare gaba ɗaya.

Mai babur, ya sa hular kwano ya ɗaure igiyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kirki tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6. Babur ba amalanke ba ne, kada a ɗora mashi mutum 4 da buhu.

Fasinja, in direba na gudun wuce sa'a, ko yana waya, ko ya yi lodi fiye da kima, ku yi magana. Kuɗinku kunka biya, ranku ne a ciki. Gara a makara da a kwana asibiti.

Masu gari da ƙungiyoyin manoma, ku duba: in naƙuda ta tashi yau da dare, wa zai tuƙa? In babu, ku haɗa kuɗi bayan kaka ku tura saurayi ɗaya mai hankali ya koyo. Amma ku fara turo shi ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya iya raba "ba" da "ɓa" ba zai kasa raba da'ira da kusurwa 3 ba.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta ma maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Allah shi kiyaye hanya, shi ba mu damana mai albarka. Amin.